Kill Team: Wasan da Ake Talla, Kwalin da Ba a Samu

Kowace Asabar da misalin ƙarfe 10 na safe agogon Ingila, kamfanin Games Workshop yakan buɗe karɓar odar sababbin kayansa ta intanet. Galibin makonni abin yakan wuce lami lafiya. Amma idan sabon kwalin wasan Kill Team ne aka fito da shi, sau da yawa kafin mai saye ya gama shigar da lambar katinsa na banki an riga an sanar da shi cewa kaya sun ƙare. Haka aka yi da kwalin Shadowvaults a ƙarshen 2022. Haka aka sake yi da Soulshackle, da Gallowfall, da Ashes of Faith, ɗaya bayan ɗaya, a rabin farko na 2023. Kafin la'asar ɗin ranar sai ka ga kwalayen sun ɓulla a kasuwar eBay, a hannun mutanen da ko ganinsu ba su yi ba tukuna, odar da suka samu kawai suke sayarwa, a kan kuɗin da wani lokaci yakan ninka na kamfani.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, kayan wasan Turawa ne suka yi ƙaranci, ba hatsi ba, ba magani ba. Gaskiya ne, ba wanda zai kwana da yunwa don bai samu kwalin sojojin roba ba. Sai dai irin cinikin da ake yi a nan ya wuce teburin wasa. Shi ne aka gani a takalman Nike masu ƙayyadadden adadi, da na'urar PlayStation 5 lokacin da ta fito a 2020, da katunan Pokémon. A wasan tebur ne dai ɓarnar ta fi fitowa fili, domin wasa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mutum biyu ne suke zama a tebur, a tsakaninsu an shimfiɗa fili mai tsawon inci 30 da faɗin inci 22, an jera kangaye da shingaye da katangun roba. Kowa yana da 'yar tawagarsa ta mutum-mutumin sojoji, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kamar guda shida zuwa goma sha 'yan kai. Ana auna tafiyar kowane soja da abin awo, ana jefa ƙwayoyi masu fuska shida irin na ludo don a san ko harbi ya samu ko ya kuskure, a zagaye huɗu an gama. Sojojin kuma ba a shirye suke zuwa ba. Gutsattsari ne a jikin firam ɗin roba, mai saye ne zai yanko su, ya haɗa da gam, ya zauna da burushi mai siririn baki ya yi musu fenti. Tawaga guda tana iya cin makonni. Yawancin masu wannan sha'awa manya ne, masu aiki da iyali, waɗanda suke ware ɗan abin da ya saura na albashi da na lokaci.

Kamfanin da ke yin wasan ba ƙaramin kamfani ba ne. An kafa shi a Landan a 1975, mutum uku ne suka fara: John Peake, Ian Livingstone da Steve Jackson. Ya fito da Warhammer a 1983, sannan Warhammer 40,000 a 1987, wanda shi ne babban wasan da ake gwabzawa da runduna guda, sojoji da tankoki masu yawa, wanda haɗa ta kan ci ɗaruruwan fam. Hedikwatarsa tana Nottingham, yana da shagunan kansa sama da 500 a duniya, kuma a Disambar 2024 ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni ɗari na kasuwar hannun jarin Landan. Kill Team ƙanen Warhammer 40,000 ne. Ya fito a matsayin cikakken wasa mai zaman kansa a 2018, aka sabunta shi a 2021, aka sake sabuntawa a 2024. Amfaninsa ga kamfani a bayyane yake: shi ne ƙofar shiga. Wanda ba zai iya sayen runduna ba zai iya sayen tawaga, wanda ba shi da awa uku zai iya samun awa ɗaya da rabi. To wannan ƙofar ce aka yi ta rufewa a fuskar masu son shiga.

Matsalar ba da Kill Team ta fara ba. A Yulin 2020 kamfanin ya fitar da kwalin Indomitus na Warhammer 40,000 mai sojoji 61 a kan fam 125, ya ƙare cikin mintuna. Jama'a suka yi ca, kamfanin ya saurara, ya buɗe wata kafa: duk mai so ya yi oda cikin wa'adin da aka ɗiba, za a ƙera masa, ya jira 'yan watanni. Nan take farashin eBay ya faɗo, masu sayen sari suka rasa kasuwa. A Afrilun 2021 sai ga Cursed City, wasan da aka ba masu saye fahimtar cewa zai daɗe a kanti. Shi ma ya ƙare a ranar farko, sannan aka cire shi daga shafin kamfanin, aka yi gum na tsawon watanni ba tare da wani gamsasshen bayani ba. Sai a 2022 ya dawo. Wannan shirun ya fi ƙarancin kansa ɓata wa mutane rai, kuma har yau masu wasan suna ambatonsa duk lokacin da kamfanin ya yi wani alkawari.

Da aka zo fitar da Octarius a Agustan 2021, kwalin da ya buɗe sabon zubin Kill Team, kamfanin ya yi abin da ya kamata. Ya yi alkawarin cewa duk wanda ya yi oda a ƙarshen makon da aka buɗe zai samu, ko da sai an ƙera masa daga baya. Ba a yi turereniya ba, 'yan sari ba su ci kasuwa ba, wasan ya samu sababbin 'yan wasa masu yawa. Ke nan maganin yana hannun kamfanin, ya gwada shi sau biyu, ya ga yana aiki. Shekara guda bayan haka, a kan Shadowvaults da waɗanda suka biyo baya, aka ajiye shi gefe.

Adalci ne a saurari hanzarin kamfanin, domin yana da shi. Sojojin roba ana zuba su ne a mazubin ƙarfe, kowane mazubi yana cin dubban fam da watanni na aiki, injinan zubin kuma adadinsu sananne ne. Games Workshop ya nace a kan ƙera sojojinsa a Nottingham, bai kai aikin wata ƙasa mai arhar ma'aikata ba, wannan abin yabo ne, amma yana nufin duk awar da inji ya yi yana zuba Kill Team, awa ce da bai yi yana zuba sojojin Space Marines na Warhammer 40,000 ba, waɗanda su ne suka fi kawo kuɗi. Littattafai da katuna da sauran kayan takarda kuwa wasu kamfanoni ne ke bugawa, da yawa a ƙasashen waje, sai an yi odarsu watanni kafin ranar fitowa, sai kuma sun biyo jirgin ruwa. Kwali ɗaya da ya rasa littafinsa ba ya sayuwa. A kan wannan aka ɗora annobar korona da ta rufe masana'antar a bazarar 2020, da sababbin takardun kwastam bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suez na kwana shida a Maris ɗin 2021. A lokacin ne kuma masu saye suka ƙaru, don mutane suna kulle a gida suna neman abin yi.

Akwai kuma tsohon tabo. A farkon shekarun 2000 kamfanin ya yi kasuwa sosai da wasan da ya gina a kan finafinan The Lord of the Rings. Da finafinan suka wuce ciniki ya zube, har kamfanin ya tafka asara a 2007. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 2021 ma kwalin Dominion na wasan Age of Sigmar an ƙera shi da yawa, ya yi kwantai a shaguna har aka riƙa karya farashinsa. Ga akawun kamfani, kwalin da ya ƙare cikin minti goma nasara ce: ba kuɗin sito, ba ragin farashi, ba kayan da za a rubuta a shafin asara. Kwalin da ya kwana a kanti kuwa laifi ne da wani zai amsa tambaya a kansa. Idan ma'aikaci ya san ƙarancin kaya ba ya jawo masa tuhuma amma yawansu yana jawowa, ba sai an gaya masa ɓangaren da zai karkata ba. Ban ga dalilin ɗora wa kamfanin wata maƙarƙashiya ba. Lissafin kawai ya isa ya haifar da abin da ake gani.

Amma lissafin yana ƙirga abin da ya shigo ne, ba ya ƙirga abin da ya juya ya tafi. A nan ne damuwata take.

Mai tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki, ƙarancin abu daɗi yake masa, don abin da ke hannunsa yana ƙara daraja. Mai wasa kuwa akasin haka ne. Darajar tawagarsa tana ga samun wanda zai zauna a ɗaya gefen teburin. A ƙaramin gari inda masu Kill Team ba su wuce mutum takwas ba, idan biyu suka samu sabon kwali shida suka rasa, waɗancan biyun ma ba su tsira ba. Sabon filin wasa, sababbin ƙa'idoji, sababbin ayyukan da ake fafatawa a kansu, duk suna cikin kwalin da mafi yawa ba su gani ba. Kamfanin yakan ce a yi haƙuri, za a fitar da tawagogin ɗai-ɗai daga baya, kuma yakan cika, bayan kamar wata uku ko fiye. To amma a tsarin da ake sakin sabon kwali kusan duk wata uku, ranar da na baya ya iso hannun talaka an riga an koma zancen na gaba. Sayen kayan ɗai-ɗai kuma ya fi tsada a kan sayensu a haɗe. Wanda ya yi haƙuri ya biya ƙari, ya kuma zo a makare.

Tsohon ɗan wasa zai jure, yana da tawagogi biyar a kabad. Wanda ake asara shi ne baƙo: yaron da ya ga bidiyo a YouTube, ko magidancin da abokin aikinsa ya nuna masa, ya shiga shago da kuɗinsa a hannu ya tambayi kwalin da ya ga ana talla, aka ce babu, ba a kuma san ranar zuwansa ba. Wannan mutumin ba ya rubuta ƙorafi, ba ya zagin kowa. Fita yake yi ya sayi wani abu dabam, kuma babu rahoton shekara da zai nuna shi.

Sai masu ƙananan shaguna, waɗanda a ganina su ne suka fi cutuwa. Fiye da rabin cinikin kayan Games Workshop yana bi ne ta hannun shaguna masu zaman kansu, sama da 7,000 a faɗin duniya. Su ne ke ajiye tebura kyauta ko a kan ɗan kuɗi kaɗan, su ne ke shirya gasar yammacin Alhamis, su ne ke koya wa sabon shiga yadda ake riƙe burushi. Hayar wurin da teburan suke ci daga ribar kwalaye take fitowa. A lokacin Gallowfall da makamantansa, shaguna da dama sun nemi kwalaye masu yawa aka ba su 'yan ƙalilan, wasu ma aka sanar da su rabonsu dab da ranar buɗe oda. Mai shago da ke da amintattun abokan ciniki ashirin da kwali uku a hannu, wa zai ba, wa zai hana? Duk yadda ya yi sai ya ɓata da wani. Abokin cinikin kuma ya koyi darasi: gobe kada ya jira shagon unguwa, ya tafi kai tsaye shafin kamfani, inda ribar duka take shiga aljihun kamfanin. Ko da ba da niyya aka yi ba, sakamakon ɗaya ne, ana janye ciniki daga wuraren da wasan yake rayuwa.

Masu sayen sari don su tsauwala kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a layin mai ya san su. 'Yan bumburutu ne, sai dai jarkarsu kwamfuta ce. Ba su ne suka kawo ƙarancin ba, ƙarancin ne ya kawo su, kuma ranar da mai ya wadata a gidan mai ba wanda ke korarsu, da kansu suke watsewa. Kamfanin ya ɗauki wasu matakai, ya sa layi a shafinsa, ya ƙayyade kwali ɗaya ga mutum ɗaya a wasu kayan. Mai asusu biyar da adireshi biyar bai ji komai ba. Doka ma ba ta kai nan ba: Amurka ta hana amfani da manhajojin saye da kansu a dokar 2016, Birtaniya ta bi sahu a 2018, amma duka biyun a kan tikitin kallo da na wasanni suka tsaya, ba su shafi kayan kanti ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne halin da wannan tsari yake koya wa mai saye. A da mutum yakan ga kaya, ya karanta ra'ayin waɗanda suka gwada, ya duba aljihunsa, ya yanke shawara. Yanzu an ba shi minti goma. Ba ya tambayar ko yana so, ko yana da lokacin fenti, ko kuɗin na wata buƙata ne. Abin da ke ransa shi ne in bai saya yanzu ba, shi ke nan. Shi ya sa gidajen masu wannan sha'awa suke cike da kwalayen da ko ledarsu ba a cire ba, har abin ya zama abin barkwanci a tsakaninsu. Kowane irin wannan kwali ya hana wani da zai buɗe shi ya yi wasa. Ta haka ƙarancin yake ciyar da kansa: tsoron rashi yana sa a saya fiye da buƙata, sayen kuma yana ƙara rashin. Kamfani zai ga kaya suna tashi kamar wutar daji ya ɗauka ƙauna ce, alhali wani kaso nata fargaba ce, kuma mutumin da aka daɗe ana sayar wa kaya da fargaba, ranar da ya gaji ba ya rage saye, dainawa yake yi gaba ɗaya.

Alƙaluman kamfanin ba su nuna wata alamar ciwo ba, dole a faɗi wannan. Kuɗin shigarsa ya tashi daga kimanin fam miliyan 270 a shekarar kuɗi ta 2019/20 zuwa sama da miliyan 525 a 2023/24, sannan ya haura miliyan 600 a shekarar da ta biyo, da ribar da ta wuce miliyan 260 kafin haraji. Ya ƙulla yarjejeniya da Amazon don yin finafinai. Ya fara gina masana'anta ta huɗu a Nottingham. Wanda ke da irin wannan riba ba zai ce rashin kuɗi ne ya hana shi ɗaukar kasadar kwalaye dubu kaɗan da za su iya kwana a sito ba. Hanzarin korona da na Suez sun daɗe da wucewa.

A zubin 2024, wanda kwalin Hivestorm ya buɗe, an gyara wasu abubuwa. Ƙa'idojin kowace tawaga yanzu kyauta ne a manhajar waya, ba sai an sayi littafin da ke cikin kwalin da ya ƙare ba. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma a daidai lokacin aka shigo da wani sabon agogo: kowace tawaga tana da wa'adin kimanin shekara huɗu a kasuwa a matsayin kayan Kill Team, daga nan kuma sunanta ya fita daga jerin waɗanda ake yarda da su a manyan gasannin kamfanin. Ana iya kare wannan da cewa wasa mai tawagogi barkatai yana da wuyar daidaitawa. Sai dai ga wanda ya yi wata biyu yana fentin sojoji goma, an matse shi ta gaba da ta baya: da wuya ya samu a farko, kuma abin da ya samu yana da ranar ƙarewa.

Irin waɗannan wasannin suna mutuwa, kuma masu yinsu sun sani. Mordheim, wanda Games Workshop ya fitar a 1999, kamfanin ya daina sayar da shi tare da sauran ƙananan wasanninsa wajajen 2013. Kamfanin Steamforged ya rufe Guild Ball a 2020. Atomic Mass Games ya sanar da daina bunƙasa X-Wing da Armada a 2024, duk da sunan Star Wars da ke kansu. Dalilan sun bambanta, amma hanyar mutuwar takan yi kama: kaya su yi wuyar samu, shago ya daina ware tebur, sabon shiga ya daina zuwa, tsofaffi su gaji da fafatawa da fuskoki ukun nan da suka saba.

Kuma yau mai wasa yana da wurin zuwa. Frostgrave, da ya fito a 2015, bai damu da kamfanin da ya ƙera sojanka ba. One Page Rules yana ba da ƙa'idojinsa na asali kyauta. Trench Crusade, wanda Tuomas Pirinen, mutumin da ya tsara Mordheim, yake cikin masu yinsa, ya tara sama da dala miliyan 3 daga hannun jama'a a shafin Kickstarter a 2024. Na'urar da ke ƙera siffa daga zanen kwamfuta kuma ta yi arha, kuɗin kwali biyu ko uku sun isa a saye ta, kuma ba ta taɓa cewa kaya sun ƙare. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kai ya girgiza Games Workshop ba a yau. Amma duk Asabar ɗin da aka mayar da mai kuɗi a hannu gida, an tura musu abokin ciniki ba tare da sun kashe ko sisi a talla ba.

Abin da ake nema bai da yawa. Kwalin da ke ɗauke da sabon filin wasa da sababbin tawagogi a buɗe odarsa na kwana biyu ko mako guda, a ƙera wa duk wanda ya biya, a gaya masa gaskiyar ranar da zai iso. A sanar da masu shaguna rabonsu da wuri, yadda ba za su karɓi kuɗin mutane a kan kayan da ba za su zo ba. Idan kuma abu ba zai dawo ba, a faɗa, kada a maimaita shirun Cursed City. Kamfanin ya yi na farkon a kan Indomitus a 2020, ya sake yi a kan Octarius a 2021, kuma bai talauce ba. Duk kwalin Kill Team da ya ƙare cikin mintuna bayan waɗannan biyun, zaɓi ne kamfanin ya yi, kuma shi ya kamata a tuhuma.